Jigon Barin Mulki a Cikin Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi Ɗan Fodiyo

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi wani yanki na littafin Tazyinul Waraƙati, wato inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ba da labarin yadda ya bar rundunar jama'a a shekarar 1807, ya fuskanci gabas, har tafiya ta tsayar da shi a Kano. Yankin ba shi da tsawo, amma yana daga cikin wuraren da masu nazarin tarihin Daular Sakkwato suka fi yawan komawa gare su. Abin da ake son ganowa shi ne ko wannan tafiya ta cancanci a kira ta murabus, da irin ma'anar da marubucin ya ba barin mulki, da kuma inda bayaninsa ya gamsar da inda ya bar mai karatu da tambaya.

4.1 Ma'anar Murabus

A Hausar yau da kullum, idan aka ce wane ya yi murabus, ana nufin ya sauka daga sarauta ko wani babban muƙami yana raye, kuma da bakinsa ya ce ya sauka. Da wannan ne kalmar ta bambanta da tuɓewa ko cire rawani, inda wani ne ke aikata abin a kan basarake. To amma Bahaushe bai tsaya nan ba, domin yakan ce "an sa shi ya yi murabus", har ma yakan ce "an yi masa murabus". Wannan sauyi na ginin jimla ya nuna cewa masu harshen sun daɗe da sanin cewa sau da yawa murabus tuɓewa ce da aka yafa wa mayafin mutunci.

Tarihin ƙarni na ashirin ya tabbatar da haka. Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari ya sauka a 1931 a ƙarƙashin matsin Turawan mulkin mallaka, aka naɗa Hasan ɗan Mu'azu. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya ya ajiye sarauta a 1963, bayan binciken da Gwamnatin Jihar Arewa ta sa Muffett ya yi a kan kuɗin En'e ta Kano, ya koma Azare da zama. Duka biyun an kira su murabus, alhali babu mai cewa son ransu ne ya sauke su. Kalmar ta yi wa wanda aka sauke sutura, ta kuma yi wa wanda ya sauke shi sutura.

A ɓangaren addini kuwa, malamai sun tattauna ko shugaba yana da damar sauke kansa. Alƙurɗubi ya kawo wannan mas'ala a tafsirinsa, kuma daga cikin hujjojin masu yarda akwai abin da Sayyidina Hasan ɗan Aliyu ya yi a shekara ta 41 bayan Hijira, daidai da 661, lokacin da ya bar wa Mu'awiya halifanci don a daina zubar da jinin Musulmi. A nan sauka ba ta zo da matsi daga sama ba, kuma an yi ta ne domin jama'a. Ke nan ana da ma'auni iri biyu da za a gwada tafiyar Malam Abdullahi da su, na sarautar gargajiya da na malamai. Za a ga cewa babu ɗaya da ya yi mata daidai wa daida.

4.2 Yadda Labarin Ya Zo a Littafin

Malam Abdullahi ya rubuta Tazyinul Waraƙati da Larabci a shekarar 1813. Tarin ƙasidunsa ne da ya jera bisa tarihi, yana sa zube a tsakaninsu don ya faɗi dalilin yin kowace ƙasida. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi, aka buga a Ibadan a 1963. Wannan zubi na cuɗa waƙa da zube shi ya mayar da littafin tarihin rayuwar marubucin da kuma tarihin jama'ar Shehu a lokaci guda.

Kafin a kai ga tafiyar, mai karatu ya riga ya san matsayin mai maganar. Ƙanen Shehu Usmanu ne, ɗalibinsa, kuma wazirinsa. Shi ya fara yi wa Shehu mubaya'a a Gudu a 1804, shi ya ja rundunar da ta ci nasara a Tabkin Kwatto a wannan shekara, nasarar da ya kamanta da ta Badar. Bayan haka sai sautin littafin ya fara sauyawa. A Tsuntsuwa, cikin ƙarshen 1804, malamai da mahaddata Alƙur'ani masu yawa sun rasu, a Alwasa kuma, a 1805, an sake yin babbar asara. Marsiyya ta maye gurbin waƙar nasara. Wannan jeri yana da muhimmanci, domin shi ya shirya zuciyar mai karatu ta karɓi abin da zai biyo baya. Mutanen da aka fara tafiyar da su sun ƙare, waɗanda suka cike gurbinsu kuwa wasu ne daban.

A shekara ta huɗu bayan hijirar Gudu, runduna ta tashi zuwa Alkalawa, babban birnin Gobir. A nan ne marubucin ya ce tunanin barin ƙasa da 'yan'uwa ya faɗo masa, saboda yadda ya ga jama'a sun karkata ga duniya, suna husuma a kan mulki da dukiya, sun yi watsi da masallatai da makarantu. Sai ya bar rundunar tare da abokai biyar, da niyyar zuwa ga Manzon Allah (SAW) a Madina. Suka kwana uku a dawa ba su ga mutum ba, sai sawun giwaye. A ƙasidar da ta zo tare da wannan labari, mai amsa-amon harafin ba, ya warware zargin filla-filla: neman muƙami don jin daɗi, tara ƙwaraƙwarai da tufafin ƙawa da dawakin da ba na yaƙi ba, cin hanci a wajen shari'a, da sayar da 'ya'ya a kasuwa da sunan bayi.

4.3 Murabus Ko Hijira

Abu na farko da za a lura da shi shi ne marubucin bai tsara labarin a matsayin ajiye muƙami ba. Bai ce ya je gaban Shehu ya mayar da wazirci ba, bai ambaci wanda ya bar wa aikinsa ba, babu taro, babu shaidu. Duk abubuwan da ke sa a kira sauka murabus a fada babu su. Abin da ya yi amfani da shi shi ne harshen hijira: ƙasa ta ɓaci, gudu ya wajaba, a bar gida da dangi a nufi inda addini zai tsira. Wannan kuwa shi ne ainihin harshen da jama'a ta yi amfani da shi a 1804 lokacin da ta bar Ɗagel ta koma Gudu don guje wa Sarkin Gobir Yunfa. Shehu da kansa ya rubuta littafi guda a kan wajabcin hijira, wato Bayanu Wujubil Hijira, a 1806, shekara ɗaya kafin wannan tafiya.

A nan ƙarfin yankin yake. Malam Abdullahi ya ɗauki hukuncin da aka yanke wa Gobir ya ɗora wa jama'ar da ta yaƙi Gobir, ba tare da ya furta hakan ƙarara ba. Mai karatun wancan zamani, wanda ya san abin da kalmar hijira ta jawo shekara uku da suka wuce, ba ya buƙatar a yi masa fashin baƙi. Idan barin Yunfa ya zama wajibi saboda zalunci da bin son rai, yau kuma barin rundunar Musulmi ya zama wajibi saboda waɗannan dalilai, to me aka yi ke nan a tsakanin 1804 da 1807? Da wuya a sami zargi mai zafin wannan a rubuce-rubucen masu jihadi, ga shi kuma ya fito daga mutum na biyu a cikin tafiyar.

Sai dai marubucin bai tsaya a kan tudu yana nuna wasu da yatsa ba. A cikin zuben ya saka kansa a cikin waɗanda yake zargi, har ya ɗauki kansa mafi muninsu, ya nuna cewa ganin laifin wasu ba zai hana shi faɗawa cikinsa ba. Ana iya cewa wannan tawali'u ne irin na malamai, wanda aka saba gani a buɗe littafi ko rufe shi, saboda haka kada a ɗora masa nauyi. Amma wurin da ya zo ya sa ya wuce al'ada. Shi ne ginshiƙin hujjar tafiyar gaba ɗaya. Da laifin na wasu ne kawai, da abin da ya wajaba a kan waziri shi ne ya tsaya ya gyara, tunda yana da iko da ilimi da kusanci da Shehu. Gudu ba ya zama hujja sai in mai gudun yana tsoron kansa. Bisa ga wannan, barin mulki a wurin Malam Abdullahi magani ne da mutum ke nema wa zuciyarsa tun cutar ba ta kama shi ba. Wannan ya raba shi da Sayyidina Hasan, wanda ya sauka don ya haɗa kan jama'a. Ya fi kusa da labarin da sufaye ke bayarwa na Ibrahim ɗan Adhama, wanda aka ce ya bar mulkin Balkh ya shiga duniya neman Allah.

Ta fuskar salo, hoton dawa ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Tafiya a cikin ƙasar da babu kowa tsohon tubali ne a ƙasidar Larabawa, kuma Malam Abdullahi, wanda ya ƙware a wannan fanni, ya san da haka. Amma sawun giwaye na ƙasar nan ne, abin da idonsa ya gani. Mutumin da ya saba da dubban mayaƙa da kuwwar dawaki, yau ga shi su shida, ba ko giwar ba sai sawunta. Bai yi wa hoton sharhi ba, kuma hakan ya fi.

4.4 Inda Bayanin Ya Yi Rauni

Duk da wannan, akwai giɓi. Na farko, marubucin ya bar runduna tana kan hanyar yaƙi. Malamin da ya rubuta a kan hukunce-hukuncen jihadi ya fi kowa sanin nauyin juya baya ga yaƙi a shari'a, da kuma nauyin mubaya'ar da ke wuyansa. Ana iya kare shi da cewa ba a riga an haɗu da abokan gaba ba, amma shi bai kawo wannan kariya ba, bai ma tayar da mas'alar ba. Ya ce gudu ya wajaba, ya wuce. Ga marubucin da ya saba bin mas'ala da hujja, wannan shiru ya yi yawa. Haka kuma babu Shehu a wannan yanki. Mai karatu bai ji ko an nemi izninsa ba, ko me ya ce da ya sami labari. Mai yiwuwa ladabi ne ya hana ƙane ya sako yayansa a cikin maganar ɓaraka, amma sakamakon shi ne an ji ɓangare ɗaya.

Na biyu, ƙasidar ba ta kama sunan kowa ba. Waɗanda ake zargi taro ne marar fuska. Wannan ya ba waƙar tsawon rai, domin kowane zamani yana iya ganin shugabanninsa a ciki, shi ya sa har yau masu wa'azi da masu sukar sarauta suke jawo ta. Amma ya rage mata amfani a matsayin shaida ta tarihi, ya kuma buɗe ƙofa ga masu cewa fushi ne kawai na wanda ya ga ɗan yayansa Muhammadu Bello yana ƙara ƙarfi a cikin al'amuran jama'a. Wannan fassara ba ta da ƙwari sosai, domin a 1807 Shehu yana raye da lafiyarsa, Alkalawa ba ta faɗi ba sai 1808, maganar gado kuwa ba ta taso ba. Bugu da ƙari, abubuwan da ƙasidar ta lissafa su ne waɗanda Malam Abdullahi ya ci gaba da suka a littattafansa na siyasa shekara da shekaru, har Shehu ya rubuta Najmul Ikhwan yana sassauta wasu daga cikinsu, kamar maganar kiɗa da tufafi da laƙuban sarauta. Wanda fushin rana ɗaya ya kora ba ya riƙe magana haka.

4.5 Kano

Tafiyar ba ta kai Madina ba, ta ƙare a Kano. A lokacin ba a daɗe da kawar da mulkin Sarki Alwali ba. Marubucin ya ce mutanen garin sun hana shi wucewa, suka nemi ya koya musu yadda za su tsayar da addini, shi kuma ya ga a wurinsu abin da ya guda a gida. Sai ya zauna, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani. Ya ce sun tuba, sun farfasa kayan kiɗa, har kwarangwal ɗin gangunansu ya koma abin zuba wa dawaki abinci. Daga nan ya koma gida.

Wannan shi ne wuri mafi ban sha'awa a labarin, kuma marubucin ya wuce shi da sauri ƙwarai. Mutumin da ya tsere wa mulki ya ƙare da rubuta littafin yadda ake mulki, mai magana a kan hijira da naɗa shugaba da na'ibansa da jihadi da siyasar shari'a. Kano ta rusa hujjar tafiyar ta hanya biyu. Ta nuna masa cewa cutar ba ta Gobir da Zamfara ba ce kawai, duk inda nasara ta sauka tana biye, saboda haka sauya wuri ba ya magance ta. Ta kuma nuna masa cewa akwai irin muƙamin da ba a ajiyewa. Sarki yana iya tuɓe rawani ya zama talaka a wani gari, malami kuwa duk inda ya sauka da iliminsa ya sauka, kuma mutane za su zo su tambaye shi. Kanawa ba wazirin Shehu suka tare ba, malami suka tare.

Dawowar ma ba a yi mata bayani ba. Tafiya ta sami dalilai da ƙasida da hoton dawa, komawa kuwa 'yan kalmomi kawai. Da marubucin ya faɗi abin da ya sauya ransa, da nan ne za a sami cikakken ra'ayinsa a kan barin mulki. Abin da za a iya cewa shi ne nasarar karatun Kano ta ba shi amsa a aikace: mutanen da suka karkata ga duniya suna iya gyaruwa in an zauna da su, wanda ya tafi kuwa ba ya gyara kowa.

4.6 Lokacin Rubutun

Akwai wani al'amari da bai kamata a tsallake ba, wato tazarar da ke tsakanin aukuwar abin da rubuta shi. A 1812 Shehu ya raba tafiyar da daula gida biyu, gabas a hannun Muhammadu Bello, yamma a hannun Malam Abdullahi, shi kuwa ya duƙufa ga karantarwa da rubutu a Sifawa. Ke nan a 1813, lokacin da ake rubuta Tazyinul Waraƙati, mai ba da labarin gudun mulki yana riƙe da rabin daula. Yana iya barin wannan yanki a waje, domin shi ke zaɓen ƙasidun da zai tara, sunan littafin ma ya nuna cewa wani sashe ne na baitocinsa. Da ya zaɓi ya saka shi, sai labarin ya sami aiki na biyu. Ya zama gargaɗi ga hakimai da alƙalan da ke ƙarƙashinsa, ya kuma zama sanarwa cewa wannan mulki da yake riƙe da shi ya taɓa barinsa, bai kuma janye ko ɗaya daga cikin zarge-zargensa ba. Mai tarke na iya ganin ɗan gyaran suna a nan, domin wanda ya nuna ba ya son mulki yakan fi samun yardar mutane a kan mulkin. Amma littafin da ake son gyara suna da shi ba ya ɗaukar maganar barin runduna a kan hanyar yaƙi, balle mutum ya kira kansa mafi munin masu laifi.

Abin da ya fi kusa da murabus na gaskiya a rayuwar Malam Abdullahi ya faru ne bayan an gama littafin. Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Ruwayar da ta shahara ta ce Malam Abdullahi ya taso zuwa Sakkwato ya iske an rufe ƙofar gari, ya juya. Aka yi shekaru tsakaninsu da sanyi, har lokacin da ragowar mabiyan Abdussalami suka yi tawaye a Kalambaina, wajen 1820, Bello ya kawo wa baffansa ɗauki. Ruwayar ta ce bayan an ci garin Bello ya yi nufin sauka daga doki don ya gaida baffansa, sai Malam Abdullahi ya hana shi, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Wannan karon an yi abin a gaban runduna, da shaidu, kuma an san wanda aka bar wa, duk abubuwan da tafiyar 1807 ta rasa. Daga baya ya bar yawancin harkokin Gwandu a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan Shehu Muhammadu Buhari, ya ci gaba da karantarwa da rubutu har ya rasu a 1829.